Me ka taɓa gyarawa, kuma wa zai shaida?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da ƙannena da 'ya'yana masu neman aiki, waɗanda kullum kukansu ɗaya ne: sun tura takardar tarihin karatu da aiki, wato CV, nan, sun tura can, ko kiran intabiyu ba su samu ba, ballantana aiki. Kukan nan gaskiya ne. Guraben sun yi kaɗan, masu nema sun yi yawa, kuma ba a rasa wuraren da sanayya ke gaba da cancanta. Duk wannan ba ya hannun mai nema. Amma takardar da yake turawa tana hannunsa, kuma a kanta nake so in tsaya, domin na shafe shekaru masu yawa a sashen kula da ma'aikata, inda babban aikina shi ne karanta waɗannan takardu in ware waɗanda za a kira. Abin da ya fi ci mini rai a tsawon aikin nan shi ne yadda mutanen da suka iya aiki ƙwarai suke rubuta takardar da ke ɓoye iyawarsu.

Mu fara da wanda zai karanta. Mutum ne da wani abu ya dame shi. Akantansa ya ajiye aiki ga ƙarshen wata ya matso, ko kaya na ɓacewa a sito ba a san ta ina ba, ko ɗalibai sun dawo hutu aji babu malami. Gurbi ɗaya gare shi, ga takardu tuli a gabansa, ga sauran ayyukan yini suna jira. Wani kamfanin tallan ayyuka a Amurka mai suna Ladders ya bi motsin idon masu tace takardu, a 2012 ya ce kallon farko daƙiƙa 6 ne, da ya maimaita a 2018 ya samu daƙiƙa 7.4. Wannan ya yi daidai da abin da na sani: kallon farko gajere ne, kuma a cikinsa ake yanke ko za a karanta takarda a tsanake ko a ture ta gefe. A wannan ɗan lokacin tambaya biyu ce a zuciyar mai karatu. Mutumin nan ya taɓa magance irin abin da ke damuna? In ya taɓa, ina shaida?

To ga abin da yawanci yake tararwa. A ce mai kula da sito ne. Zai sa sunan wurin da ya yi aiki da shekarun da ya yi, sannan a ƙasa ya jera: karɓar kaya, fitar da kaya, rubuta lissafi, kula da tsaftar sito. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Sai dai duk wanda ya taɓa riƙe makullin sito haka zai rubuta, da wanda ya tsare amana da wanda aka sallama saboda ɓatan kaya. Mai karatu ya riga ya san aikin mai kula da sito, shi ne ma ya rubuta shi a sanarwar neman ma'aikata. Abin da bai sani ba shi ne me ya canja a siton nan saboda kai ne ke riƙe da shi.

A ce mutumin nan ya rubuta cewa ya tarar ana ƙirga kaya sau ɗaya a shekara, ya mayar da ƙirgar kowane wata, har giɓin da ake samu tsakanin littafi da abin da ke kan kanta ya sauko daga kwali 40 zuwa 3. Ko ya ce shi da mataimaka biyu suka kula da kaya iri 600, ya ɗauke lissafin daga littafi ya mayar da shi manhajar Excel a kwamfuta, masu binciken kuɗi suka zo shekara biyu a jere ba su sami abin gyarawa ba. Mutum ɗaya ne, aiki ɗaya ne, tsawon rubutun ma kusan ɗaya. Amma wanda kaya ke ɓata a sitonsa in ya karanta wannan, hannunsa zai kai ga waya.

Haka abin yake a kowace sana'a. Malami kada ya tsaya a kan "koyar da lissafi". Ya faɗi aji nawa, ɗalibai nawa, nawa ne suka ci jarrabawar ƙarshe kafin zuwansa, nawa ne bayan ya karɓi ajin. Direba ya faɗi irin motocin da ya tuƙa, nisan tafiyar da ya saba yi, da shekarun da ya yi ba tare da hatsari ba. Nas ta faɗi ɗakin da ta riƙe, gadaje nawa ne, sababbin ma'aikata nawa ta horar. Mai gyaran injin ya faɗi injin da aka fid da rai da shi ya tayar. Laszlo Bock, wanda ya daɗe yana shugabantar sashen ma'aikata na Google, ya ba da wani tsari mai sauƙi na rubuta irin wannan layi: ka faɗi abin da ka cimma, ka faɗi ma'aunin da ya nuna an cimma shi, ka faɗi hanyar da ka bi. Ba lalle kowane layi ya cika ukun nan ba, amma layin da ba shi da ko ɗaya daga ciki cin wuri kawai yake yi.

Na san abin da ke hana da yawa yin haka. Kunya ce. An tashe mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma ban ja da wannan ba. Amma a duba da kyau a ga me ake kira yabon kai. Mutumin da ya ji nauyin rubuta cewa ya rage ɓatan kaya, shi ne kuma zai sa a saman takardarsa cewa shi haziƙi ne, mai ƙwazo, mai gaskiya da riƙon amana, mai iya zama da jama'a, mai jure matsin aiki. Wannan shi ne yabon kai tsantsa, domin siffofi ne da ya ba kansa babu mai tabbatarwa, kuma galibi ma kwafo su ya yi daga takardar abokinsa, abokin ya kwafo daga intanet. Na karanta wannan sakin layi sau ba adadi, har idona ya koyi tsallake shi. Faɗin abin da ya faru kuwa rahoto ne. Ka ce ga yadda na tarar, ga abin da na yi, ga yadda na bari, wanda ke shakka ya kira tsohon manajana ya tambaya. Gani ya kori ji. In kai mai gaskiya ne, rubuta cewa an damƙa maka kuɗin cinikin yini shekara uku ba a taɓa samun giɓi ba, ka bar mai karatu ya furta kalmar da bakinsa.

In aikin na haɗin gwiwa ne, a faɗi haka. "Muna cikin mutum huɗu da suka buɗe sabon reshe, ni na ɗauki nauyin ɗaukar masu sayarwa da horar da su." Wannan ya fi ƙarfi a kan mutum ya haɗiye aikin mutum huɗu shi kaɗai, domin mai tambaya a intabiyu ya san reshe ba ya buɗuwa da hannu ɗaya.

Wani zai ce shi bai riƙe alƙaluma ba. Wannan matsala ce ta gaske, kuma maganinta yana wurin waɗanda ke kan aiki a yau. Duk ƙarshen wata ka ɗauki minti goma ka rubuta a wani littafi abin da ka kammala, da abin da aka yaba, da abin da ya ragu ko ya ƙaru a hannunka. Ranar da za ka nemi wani aikin ba za ka tuna ba in ba ka rubuta ba. Wanda kuma ya riga ya bar wurin, ya faɗi abin da ya tabbatar, ko da babu lamba. Kada a ƙago. Kada kuma a tona asirin tsohon wurin aiki: maimakon a faɗi ainihin kuɗin da kamfani ya samu, a ce ciniki ya ƙaru da kashi kaza cikin ɗari.

Akwai wata tsohuwar wasiƙar neman aiki da nake son matasa su sani. Wajen shekarar 1482 Leonardo da Vinci, wanda duniya ta sani da zanen Mona Lisa, ya tsara wasiƙa zuwa ga Ludovico Sforza, mai mulkin Milan a Italiya, yana neman shiga hidimarsa. Yana da kimanin shekara 30 a lokacin, kuma a ɗakin masu zane ya koyi sana'a. Amma da ya zo jera abin da ya iya, sai ya fara da gadoji marasa nauyi masu sauƙin ɗauka a fagen yaƙi, da yadda ake janye ruwa daga ramin da ke kewaye da ganuwa, da igwa, da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da ake haƙawa ba tare da an ji motsi ba, da kekunan yaƙi masu rufi. Sai a abu na goma ya zo kan gine-gine da jan ruwa daga wuri zuwa wuri a lokacin zaman lafiya. Sassaƙa da zane kuwa can ƙarshe ya ambace su, a taƙaice. Dalili shi ne ya san wanda yake rubuta wa: sarki ne da yaƙi ke gabansa. Ya kuma rufe da cewa in ana ganin wani abu cikin waɗannan ba zai yiwu ba, a shirye yake ya gwada a lambun sarkin ko duk inda aka zaɓa. Daftarin yana nan a ajiye a ɗakin karatu na Ambrosiana a Milan, birnin da Leonardo ya zauna yana aiki har 1499. Mutumin da ya fi kowa iya zane a zamaninsa ya mayar da zane baya saboda ba shi ne buƙatar mai karatu ba.

Mu kuwa sai mu rubuta CV guda ɗaya mu watsa wa banki da asibiti da makaranta da kamfanin gini. Gara mutum ya nemi wurare kaɗan da takardar da aka gyara domin kowannensu. Ba sabon rubutu ake nufi ba. Ka ajiye babbar takarda mai ɗauke da komai a kwamfutarka, ba ta fita ko'ina. In sanarwa ta fito, ka ɗauki biro ka ja layi a ƙarƙashin abubuwa uku ko huɗu da aka fi nanatawa, sannan ka tsamo daga babbar takardar abin da ya amsa su, ka kawo shi rabin sama na shafin farko. Abin da bai shafi wannan aikin ba ka rage shi ko ka cire, ko da kana alfahari da shi. Aikin da ka yi na baya-bayan nan shi ke fara zuwa, a riƙa komawa baya. Wanda ya daɗe yana aiki, tarihin aikinsa ya gabaci na karatu. Makarantar firamare ba ta da abin yi a takardar mai digiri.

Ka kuma yi amfani da kalmomin da sanarwar ta yi amfani da su, matuƙar gaskiya ne ka iya abin. Manyan kamfanoni da yawa yanzu ba hannun mutum takarda ke fara shiga ba. Manhaja ce irin su Workday ko Taleo ke karɓa, ta tsinci suna da wuraren aiki da shekaru ta zuba a ma'ajiyarta, sannan mai tacewa ya rubuta kalmar da yake nema a fito masa da waɗanda ke da ita. In an nemi wanda ya iya QuickBooks kai kuma ka rubuta "manhajojin lissafi" kawai, mai yiwuwa ba za ka fito ba. Irin wannan manhaja kan rikice da shafin da aka raba gida biyu, da akwatuna, da zane-zane, kuma takardar da aka ɗauki hotonta da waya ba rubutu ba ce a wurinta, hoto ne. Su ma taurarin nan da ake sawa don nuna ƙwarewa, huɗu cikin biyar a kan Excel, ba su gaya wa kowa komai ba. Wa ya ba da makin? Faɗi abin da ka haɗa da Excel ɗin.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne sababbin kammala karatu, da ke cewa ba su da abin rubutawa. Da wuya hakan ya zama gaskiya. Aikin binciken da ka yi a shekarar ƙarshe, me ka bincika, mutum nawa ka yi hira da su, da wace manhaja ka tace bayanan? Horon sanin makamar aiki da ka je, me aka bar maka ka yi da hannunka? In ka riƙe kuɗin ƙungiyar ɗalibai ka miƙa lissafi cif, aiki ne. In kin koyar da yara darasi bayan makaranta, ko kin gudanar da ɗan kasuwanci ta waya kina karɓar oda kina aikawa kina bin bashi, aiki ne, kuma ya fi nuna hali a kan kwas na yini biyu da aka ba kowa satifiket. Haka nan wadda ta dakata shekaru don rainon 'ya'ya, ko wanda ya zauna jinyar mahaifi. A rubuta layi ɗaya a faɗi haka da shekarun, a wuce. Giɓin da aka bayyana ba ya tayar da hankalin mai karatu. Wanda aka yi ƙoƙarin rufewa da jan kwanan wata shi ke sa a fara shakkar sauran takardar.

Wannan ya kawo ni kan ƙarya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a wannan fage tana iya jiran mutum shekaru. Marilee Jones ta kai matsayin shugabar sashen ɗaukar ɗalibai a jami'ar MIT ta Amurka, ana girmama ta a faɗin ƙasar, amma a 2007 ta sauka bayan an gano digirorin da ta rubuta lokacin da ta nemi aiki a 1979 ba ta da su. Shekara 28 tana aiki, kuma aikin da ta fara nema ƙaramin aikin ofis ne. Scott Thompson ya zama shugaban Yahoo a farkon 2012, kafin watan Mayu ya ƙare ya bar kujerar, saboda tarihinsa ya nuna yana da digiri a lissafin kuɗi da kimiyyar kwamfuta alhali na lissafin kuɗi kaɗai gare shi. Waɗannan mutane ne da suka iya aikinsu. Ƙananan ƙarairayi kuwa ba sa ma kai wannan nisa. Wanda ya rubuta ya ƙware a Faransanci, gaisuwa ɗaya a intabiyu ta isa. Duk layin da ka sa a CV, ka ɗauka za a ce maka "ba mu labarin wannan", ka tambayi kanka ko za ka iya minti biyu kana bayani ba tare da inda-inda ba.

Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, takardu sun yi santsi, kurakuran rubutu sun ragu, kuma sun ƙara kama da juna. Ban hana kowa neman taimakon ƙirƙirarriyar basira wajen gyara jimla ba. Amma ba ta san kwali nawa suka ɓace a sitonka ba, kuma in ka bar ta ta cike gurbin, za ta iya ƙago maka abin da ba ka yi ba, kai ne kuma za ka zauna gaban masu tambaya. Ka fara rubuta gaskiyarka da kalmominka, komai rashin kyansu, sannan a goge.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma suna kayar da mutane. Lambar waya ta zama mai shiga. Adireshin imel ya zama sunanka, ba laƙabin da abokai ke kiranka da shi ba. A tura fayil ɗin a PDF sai in an nemi wani tsari, a sa masa sunan mai shi. Shafi ɗaya ya ishi sabon shiga, biyu sun ishi kusan kowa in ban da malaman jami'a da masu bincike. A ba wani ya karanta kafin a tura, musamman sunan kamfanin da ake nema, domin na sha ganin wasiƙar da ta zo mana ɗauke da sunan wani kamfanin. Batun hoto da ranar haihuwa da aure ya danganta da inda ake nema: a Amurka da Ingila ba a sawa, saboda dokokin hana wariya, a Jamus kuwa har yanzu da yawa na sa hoto. A bi abin da sanarwa ta ce. Lambar katin shaida da ta asusun banki kada su shiga CV ko kaɗan, domin akwai sanarwar bogi da ba ta da manufa sai tattara irin waɗannan. Mutanen da za ka ba da sunansu a matsayin masu shaida kuma, ka nemi izininsu tukuna, ka gaya musu irin aikin da kake nema. Na taɓa kiran mai shaida ya ce bai tuna mutumin ba, kuma na tabbata ba mugunta ya yi ba, ba a tuna masa ba ne.

Ba na so a fahimce ni da cewa duk wanda bai samu aiki ba laifin takardarsa ne. A 2004 masana tattalin arziki biyu, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi a biranen Boston da Chicago. Sun tura takardu kusan 5,000 ga masu neman ma'aikata, wasu da sunayen da aka saba ji a wurin fararen fata, wasu da na baƙaƙen fata, alhali cancantar iri ɗaya ce. Masu sunayen fararen fata sun fi samun kira da kashi 50 cikin ɗari. Babu gyaran jimlar da zai magance wannan, gyaran yana wurin masu ɗauka. Shi ya sa wasu wurare suka koma rufe suna da hoto kafin a miƙa takarda ga masu tacewa, kuma ina ganin duk mai ɗaukar ma'aikata da ke son gaskiya zai iya yin haka ko da da takarda da almakashi ne.

Roƙona gare ka, Malam Edita, guda biyu ne. Kamfanonin da ke kawo muku sanarwar neman ma'aikata, ku riƙa nuna musu su faɗi ainihin aikin da za a yi, da abin da ya zama dole da wanda ƙari ne kawai, da ranar rufewa, da lokacin da wanda bai ji kira ba zai san an wuce shi. Mai nema ba zai iya amsa tambayar da ba a yi masa a fili ba, kuma barin mutum wata da watanni yana duba waya zalunci ne da saƙo ɗaya zai kawar. Na biyu, ku ware ɗan fili ko da sau ɗaya a wata, mai karatu ya aiko da CV ɗinsa a cire suna da duk abin da zai nuna shi, a buga yadda ya aiko da yadda aka gyara, gefe da gefe. In kun buɗe filin, a shirye nake in riƙa duba waɗanda aka aiko ba tare da an biya ni ba, kuma na san akwai tsofaffin abokan aikina da za su sa hannu.

Na gode da wannan fili.

Naku,
Tsohon jami'in ɗaukar ma'aikata